Hoton da Na Baro a Katsina

Tun ran da na dawo ban samu na zauna na dama furata cikin natsuwa ba. In na tafi rijiya a tare ni, in na shiga gidan suna a ja mini zane. "Tsahara, wai da gaske kin tsaya gaban Nasaran Maraɗi?" "Tsahara, wai kuɗin ƙasar Ingilishi da huda a tsakiya?" Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kowa ya ɗauki gutsurensa ya ƙara masa gishiri. Jiya har na ji an ce wai aure na tafi yi Katsina aka fasa. To ga shi nan daga tushe, wadda ta ji ta faɗa wa wadda ba ta zo ba.

Kun san sana'ata. Bayan rasuwar maigidana da zannuwa da tasoshi na fara dillanci, ina shiga gida-gida. Da Faransa suka kafa bariki a Dakoro gari ya soma cika da baƙi, 'yan gardi da komi masu rubutun gwamnati da malamin lakwal, wato makaranta, da 'yan kanti, kowa na neman ɗaki. Wa ya san gidan da ke da ɗaki ba kowa, in ba matar da ke shiga kowane gida ba? Daga zane na koma ɗaki, daga ɗaki na koma fili, har maza suka daina dariya suka soma aiko mini da goro.

Sai wani macuci ya ɓata mana ruwa. Ya sayar wa mutum biyu fili ɗaya, ya bi ayari ya yi arewa, su kuma suka zare wa juna takobi. Ranar kasuwa kumandan ya sa aka buga ganga: daga yau ba mai sa baki a cinikin gida ko fili cikin gari sai mai fatanti, wato takardar izini daga babban biro, ofishin gwamnati na Maraɗi. Wanda ya yi ba ita, kaso.

Da don kaina ne kawai, da na koma wa tasoshina. Amma akwai maganar Agali a hannuna. Agali Buzu ne, mai kiwon awaki, ya daɗe yana sauka da iyalinsa bayan kasuwar shanu, damina ta yi su tashi. Ni na tsaya tsakaninsa da mai wani fili a can, magana ta nuna, saura a ce Allah ya sa albarka. Ga mai awo na gwamnati zai zo bayan kaka ya kafa duwatsun iyaka, in ya wuce sai baɗi. Ga kuma wani ɗan kanti yana zagayen filin da ido. Agali ya zo ƙofar gidanmu ya durƙusa, rawaninsa har hanci, ya ce, "Yaya Tsahara, tsohuwata ta gaji da bayan jaki. In wanga fili ya kuɓuce, ban san mi zan ce mata ba."

Na ce masa ya tashi, ƙafata ƙafar Maraɗi.

Motar fata na samu. Yayana ya kai ni tasha ya damƙa ni ga direba, wani baƙin dogo mai suna Mamman, aka tura ni sama bisa tulin fatun shanu. Tsohuwar Agali, Minata, ta biyo ni da cuku a ƙulle cikin tsumma, ta cusa mini a ƙunshi. Warin fata ya dame ni har muka wuce gonakin gari, daga nan hancina ya haƙura. Motar na jijjiga, rana na dukan ka, sai na shiga wani hali, ba barci ba, ba farke ba. Duk inda na ga fili sai zuciyata ta hau gini. Can ƙarƙashin aduwa in kafa zaure, nan in ja danga, in ajiye rumbu gabas, in tsai da wata mata tana shanya a tsakar gida. Kafin in ga fuskarta motar ta faɗa rami, garin nawa ya rushe, in sake wani gaba.

Kusa da ni akwai wata Bafillatana da ƙwaryar man shanu a cinya, ga wani komi ƙasa da ita kaɗan, da farin wando da takalmin Nasara, yana ta kare kansa da jarida. Rana ta narkar da man, motar ta karkata, sai ga man nan yana bin ƙafar wandon har cikin takalmi. Ya tashi da Faransanci, ita kuma ta tashi da Fillanci tana kukan manta, ba wanda ya ji wani. Har Maraɗi ƙudaje ba su bar bawan Allah nan ba.

Wajen Gulbin Kaba yashi ya riƙe mu. Maza suka sauka turi, aka sassaro kaba ana shimfiɗa wa taya, Mamman na zagin motar kamar wadda ke jinsa. Mu mata muka zauna inuwar goruba. A Kornaka aka sauke mu muka ci abin da ya samu, fura mai tsami da ɗan tsire, muka kwana a rumfar kasuwa, da safe aka ci gaba.

Maraɗi ta ba ni mamaki, amma ba don girmanta ba. Hanyoyinta ne, miƙaƙƙu kamar an ja su da igiya, kowace kwana kamar 'yar'uwarta. A nan gida in hanya ta tarar da itace sai ta kauce masa. Can itacen ne ke kaucewa. Na yi ta zagaye da ƙunshi a ka ina neman gidan Yaya Hadiza, yayar maigidana marigayi, ashe na wuce ƙofarta ya fi a ƙirga. Ita ta hango ni ta rangaɗa guɗa. Ta ce tsohon garin yana ƙasa bakin gulbi, ruwa ya cinye shi, shi ne Nasara ya hau da su tudu ya yanka musu fili da ma'auni. Ta ce har yanzu in ta yi mafarki a tsohon gidansu take ganin kanta.

Lokacin cinikin gyaɗa ne, garin kaf ƙamshin gyaɗa yake. A miya gyaɗa, a kunu gyaɗa, a bakin hanya ƙuli-ƙuli. Yaya Hadiza ta aika aka sayo mini burodin Faransa, dogo kamar sanda. Na ɗauka da ƙarfi zai yi, ashe cikinsa iska ce. Na ce mata wannan ai sai a ci a tashi a nemi tuwo.

Washegari na tafi biro. Komin da ke bakin taga ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Inna, wa ya aiko ki?"

Na ce, "Ni na aiko kaina. Fatantin dillancin gida nika so."

Ya leƙa ciki ya yi magana da wani, suka buɗe wani babban littafi suna bi da yatsa. Ashe nema suke ko doka ta hana mace. Ba su samu ba. Ya dawo ya ce to, sai in kawo hoto guda biyu, ɗaya a manna a takardata, ɗaya ya zauna a biro. Na ce ina ake samun hoton? Ya ce mai ɗaukar hoto na Maraɗi ya tafi Damagaram da akwatinsa, ba wanda ya san ran dawowarsa.

Na koma masauki. Mijin Yaya Hadiza, Malam Garba, falken goro ne, ya ji labari ya yi dariya ya ce, "Wanga shi ne abin damuwa? Katsina ai bayan ɗaki ce. Akwai wani Bayarabe can, shina ɗaukar mutum ya sa a takarda kamar ya yi magana." Ya nemo mini lasifase, takardar ƙetare iyaka, ya haɗa ni da motar gyaɗa, ya ce in na isa in nemi amininsa Malam Sule, shi ma dillalin gidaje ne.

Ni dai tun ina yarinya nake jin ƙasar Faransa, ƙasar Ingilishi. Na ɗauka zan ga ganuwa, ko wani rami mai zurfi. Da muka isa Ɗan Isa sai na ga sanda ce aka gitta bisa gwafa biyu, akuya na wucewa ta ƙarƙashi ba mai tambayarta takarda. Geron wannan gefe da na wancan gefe duk tsawonsu ɗaya. Ɗan duwan, mai binciken kaya a iyaka, ya kwance ƙunshina, ya ci karo da cukun Minata, ya shinshina, ya ɓantari rabi ya ce wai yana duba ko ba kayan sumoga ba ne. Na ce masa in ya gama bincike ya sha ruwa, yana da ƙishi.

Muna wuce sandar nan sai direba ya karkata ya koma ɗaya hannun hanya. Ga wata mota ta taho. Na rufe ido na hau salati da ƙarfi, mutane suka bushe da dariya. Ashe Ingilishi ta hagu suke bi. Na ce Nasara biyu sun kasa shiryawa a kan gefen hanya, mu ne za su shirya a kan fili? Kuɗinsu kuwa gaskiya ne, kwabonsu da huda, mata na zura shi a zare. Abin da muke ce wa fatanti su lasin suke cewa, komi kuma akawu. In ban da wannan, bakinmu ɗaya, gaisuwarmu ɗaya.

Katsina ita ce mai ganuwar. Mun shiga ta wata ƙofa mai duhu da sanyi, muka fito cikin lunguna masu lanƙwasa, raina ya ce yauwa, ga gari. Malam Sule ɗan gajeren dattijo ne mai furfura da yawan raha. Da na gaya masa abin da ya kawo ni sai ya riƙe haɓa.

"Hoto? Don a sai da gida? Ikon Allah. Mu nan Sarkin Dillalai ya san ubana, ya san ni. In ciniki ya faɗa, a kira mai unguwa da maƙwabta, a raba goro. Ƙasa ma ba a sai da ta, ta Sarki ce, gini kawai ake saye."

Na ce, "To in dillali ya ci amana fa?"

Ya ce, "Ina za shi? Kabarin kakansa na nan."

Na ce masa mu garinmu sabo ne, kakan kowa na wani wuri. Ya jinjina kai ya ce to lalle, garin da ba kaburbura sai takarda. Ya ce su ma an fara yi wa masu keke da masu kanti lasin, ya san wata rana za a iso kansu.

Ya raka ni wurin mai hoton. Mutumin ya zaunar da ni bisa kujera, bayana baƙin zane, ya ce sai na ture kallabi kunnuwana sun fito, haka Nasara ke so. Ni da ban taɓa buɗe kunne gaban namiji baƙo ba tun ina budurwa. Malam Sule ya juya baya. Mai hoto ya cusa kansa cikin wani baƙin buhu a bayan akwati, ya ɗaga hannu ya ce kar in motsa, kar in yi numfashi. Na ƙura wa idon akwatin ido har na ji kamar ana zuƙe ni ta ciki. Ya fito ya ce an gama, amma takardar wanki ta ƙare, sai motar Kano ta zo.

Gidan Malam Sule cike yake da baƙin biki, ko wurin shimfiɗa tabarma babu. Sai ya ce zai kai ni wani gida da aka ba shi ya sayar, ya shekara yana fama. Mai gidan tsohuwa ce, Gwaggo Asabe, ita kaɗai. 'Ya'yanta sun rasu sai ɗa guda a Kurmi, shi ke aiko mata ta sayar ta koma wurinsa. Duk mai sayen da aka kawo sai ta samo masa aibi.

Ƙawayena, na shiga gidaje da yawa a rayuwata, amma ban taɓa shiga wanda ya kama ni kamar wannan ba. Zaure biyu za ka wuce kafin tsakar gida. Bango mai kauri, in ka jingina sai ka ji sanyi na shiga ƙashin baya. Rufin azara, baƙi wuluk don tsufa, yana ƙamshin turaren shekaru. A tsakar gida ga itacen lemun tsami, ga rijiya. Rijiya cikin gida! Mu da sai sa ya ja igiya ya yi nisa kafin wasaki, gugan fata, ya fito. Nan na zura guga, kafin in gama bisimilla na ji ta taɓa ruwa. Na leƙa na ga fuskata da reshen lemo a bayana suna rawa.

Gwaggo Asabe 'yar siririya ce, idonta ɗaya ya yi fari. Ta kama hannuna ta shafa ta ce, "Hannun mai aiki. Shigo, ɗiyata." Ta ba ni ɗakin da ke kallon lemon. Na kwanta da azahar da niyyar in miƙe baya kawai. Kurciya na kuka, inuwar ganye na yawo a bango, can nesa wata na daka. Na ji kamar a gidan nan aka haife ni, kamar Dakoro da yashinta da kumandanta labari ne wani ya taɓa ba ni. Sai la'asar sakaliya na farka, na tarar ta lulluɓe mini ƙafa da zanenta.

Ban iya gaya muku kwana nawa na yi ba, don kwanakin sun narke cikin juna. Da safe in share tsakar gida, in ja ruwa, ita ta dama koko da ƙosai. Da rana ta yi mana ɗanwake, ko dambu da zogale, ta matsa lemo a kai. Na ba ta ragowar cuku, ta tsotsa ta ce mutanen arewa na cin dutse. Ta nuna mini inda kowane ɗanta ya fara tafiya, da gurbin da turmin uwar mijinta ya ci a ƙasa. In ta yi shiru ni ma in yi, mu zauna muna jin faɗuwar lemo.

Wata rana Malam Sule ya kawo mai saye, wani attajiri da babbar riga. Ya zagaya yana buga bango da sanda, ya ce zai sare itacen ya yi ɗakin ajiya. Gwaggo ta ce masa gidan na da aljanu, ba sa son mai tsawo. Da suka fita Malam Sule ya dawo ya ce, "Gwaggo, wancan kin ce gajere ne, wannan kuma dogo." Ta ce to ya nemo matsakaici.

Da yamma tana tsefe mini kai sai ta ce, "Tsahara, mi za ki koma yi cikin yashi? Nasara ya ce sai kin buɗe kunne kafin ki ci abinci. Zauna nan. In kira mai unguwa da liman, in ce ke ɗiyata ce. Ki rufe mini ido in lokaci ya yi, gida ya zama naki. Ɗana ba ya son shi, kuɗinsa yake so, shi ko ba ya rasa su."

Wallahi ban ce a'a ba. Na ce ta bari in kwana da maganar. Na kwana da ita, na tashi da ita, na sake kwana. Ina jan ruwa ina cewa rijiyata. Har na zaɓi inda zan ɗaure akuya.

Ran da mai hoto ya aiko cewa an wanke, na je na karɓo. Guda biyu, ƙanana kamar tafin jariri. Na ga wata mata da kunnuwa a waje, ido a zare, kamar an kama ta da satar kaza. A hanyar dawowa na bi ta bakin kasuwa, sai ga ayarin Buzaye na shigowa da jakuna. A bisa jakin ƙarshe wata tsohuwa ce, an ɗaure ta da zane a jikin kaya don kar ta faɗo, kanta na lilo, ƙafafunta sun kumbura. Ba Minata ba ce, amma na tsaya har suka ɓace. Sai na dawo hayyacina. Kaka ta yi nisa, mai awo na hanya, mutum ya durƙusa a ƙofata na ce masa ya tashi.

Na shiga na durƙusa gaban Gwaggo na gaya mata duka. Ta saurare ni har ƙarshe. Can ta ce, "Ita tsohuwar, ba ta taɓa kwana cikin gini ba?" Na ce ko sau ɗaya. Ta ce, "To tashi ki tahi. Ni na yi nawa kwanan." Sai ta ce in nuna mata abin da aka wanko. Ta kai shi kusa da idonta mai gani, ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Bar mini guda. In na share ɗakin nan in riƙa ganin mai shi."

Na san biyu komi ya ce. Na sani sarai. Amma ta riga ta rungume hoton a ƙirjinta. Na bar mata. Ta cika mini ƙunshi da lemo, ta raka ni zaure na fari, ta ce ba ta iya kaiwa na biyu.

Komawa ba ta da labari, sai dai ɗan duwan nan na Ɗan Isa ya gane ni, ya ce ina cuku, na ba shi lemo ya yamutsa fuska.

A biron Maraɗi komi ya karɓi hoto ya juya shi ya ce, "Ina ɗan'uwansa?" Na ce yana Katsina. Ya ce to in koma in ɗauko, doka biyu ta ce. Na roƙe shi, ya rufe taga. Na koma gindin wani itacen maina a bakin biro na zauna, lemo a cinya, ban san abin da nake jira ba. Rana ta karkata. Sai ga mataimakin kumandan ya fito, wani saurayin Nasara mai jan wuya, ya gan ni ya tambayi tafinta me tsohuwar nan ke so. Aka shigar da ni.

Ɗakin na da wata fanka a sama da wani ke ja da igiya daga waje. Na durƙusa, ya ce in hau kujera, na zauna a bakinta. Ta bakin tafinta ya ce ina hoto na biyu. Na ce, "Ranka ya daɗe, na ba wata tsohuwa." Ya ce sayarwa na yi? Na ce a'a. Ya ce to don me? Na ga ba ni da wata dabara, sai na ba shi labarin kamar yadda na ba ku, da rijiyar, da lemon, da ɗan da ke Kurmi yana aike. Tafinta na juyawa, yana gajarta mini magana, na ce masa ya faɗa duka. Nasaran ya daina wasa da alƙalami. Ya juya yana kallon taga. Ya yi wata 'yar magana a hankali. Na ce mi ya ce? Tafinta ya ce, "Wai shi ma tasa tsohuwar ta ƙi barin gidansu."

Ya sa aka manna hoton a takardata, a littafin biro kuma aka shafa mini tawada a babban yatsa na dangwala a gurbin ɗayan. Komi na tsaye yana kallo. Sannan tafinta ya karanto mini sharuɗɗa. Kar in sa baki a filin da mai awo bai auna ba. Kar in sayar da burtali ko bakin rijiya ko da mai gari ne ya ce. La'ada a faɗe ta gaban mai saye da mai sayarwa, ba a ɓoye. Kowace shekara in zo a sabunta. Dutsen iyaka kuwa, wanda ya tumɓuke shi, da shi da dillalin da ya gani ya yi shiru, duk kaso. Na ce na ji na ɗauka. Na ajiye masa lemo a bisa tebur na fito.

Na iso Dakoro na tarar mai awo ya riga ni, har yana shirin naɗe igiyarsa ya wuce. Ko gida ban shiga ba, da ƙurar mota a jikina na kai takarda bariki. Washegari aka taru a filin, da mai fili da Agali da mai unguwa, aka faɗi la'ada a fili, aka raba goro, aka ce Allah ya sa albarka. Mai awo ya kafa fararen duwatsunsa na siminti a kusurwa huɗu, ya hau doki ya tafi. Ɗan kantin nan ya tsaya daga nesa, ya juya.

Da la'asar na koma in yi musu barka. Tun daga nesa na hango hayaƙi. Na iso na tarar da Minata zaune a tsakiyar fili, ta tuɓe takalmi ta miƙe ƙafa, tukunya na tafasa a gabanta. Na dubi murhun da kyau. Duwatsun mai awo ne, guda uku, ta sa an tono mata.

Na ce, "Inna! Wanga dutsen gwamnati ne! Kaso za a kai mu ni da ke!"

Ta dube ni ta ce, "Ɗiyata, garin ga duk yashi ne, na nemi dutse na rasa. Na ga Nasara ya ajiye mini har huɗu, na ce mutumin kirki, ya san murhu uku ne, ya ƙara guda ko wani zai fashe."

Agali ya dawo daga wurin awaki ya ga abin da ake ciki, ya rasa inda zai sa kansa. Na duba hanya, ba ɗan gardi ko ɗaya. Ramukan na nan a buɗe, ba wanda ya taka. Na kai hannu zan sauke tukunyar, Minata ta riƙe mini wuyan hannu.

"Tuwon farko ne a gidana," in ji ta. "Bari ya nuna."

Na zauna. Muka jira ya nuna, ta kwashe, ta zuba nono a kai, muka ci da hannu ni da ita da matar Agali, rana na faɗawa bayan kasuwar shanu. Da duwatsun suka huce, ni da Agali muka ɗauka muka mai da kowane raminsa, muka danne da ƙafa. Na aika gida aka kwaso mata duwatsun murhuna.

In kun bi ta bayan kasuwar shanu ku duba. Sun fara jan danga, an soma kwaɓa ƙasar ɗaki. Dutse ɗaya fari ne, uku baƙi ƙirin da hayaƙi, kuma duk wanda ya tambaye ku dalili, ku ce ba ku sani ba.